Haska Albasa Don Hana Ta Tsiro: Tambayoyin da Manoma da 'Yan Kasuwar Sakkwato Ke Yi

Duk shekara in damina ta yi nisa, zancen ɗaya ne daga Ramin Kura zuwa Wurno da Goronyo, har Aliero ta jihar Kebbi: wa ya ajiye, buhu nawa ya zuba, nawa ya kwasa. Ni ɗan gidan noman albasa ne, na kuma taɓa karatun kimiyya, saboda haka duk sabon abin da aka ji a rediyo ni ake tarewa da shi. A 'yan shekarun nan abin da aka fi tambayata shi ne zancen haska albasa, wato a bi da ita ta gaban wani haske mai ƙarfi don kada ta yi tsiro a wurin ajiya. Ga tambayoyin kamar yadda aka yi mini su, wasu a bakin rudu, wato rumbun da muke ajiye albasa, wasu ta waya.

Wai mene ne wannan hasken? Wuta ce ko turiri?

Ba wuta ba ce, ba turiri ba ne, ba kuma magani ake fesawa ba. Haske ne wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, da wanda ake yi wa masu ciwon daji gashi da shi. Yana ratsa buhu da ɓawo ya shiga har tsakiyar albasa ya fita ta ɗaya gefen.

Hanyoyin samun sa uku ne. Wadda aka fi amfani da ita wajen albasa ita ce wani ƙarfe da ake kira kobal-60, wanda yake fitar da hasken gamma dare da rana ba tare da an kunna shi ba. Akwai kuma injin da ke harba ƙwayoyin lantarki, amma nasa ba ya ratsa abu mai kauri sai 'yan santimita kaɗan, don haka bai dace da cikakken buhu ba. Na uku injin eksire ne, irin na ɗaukar hoton ƙashi, amma babba, na masana'anta. Waɗannan biyun in aka kashe musu wuta sun mutu. Kobal kuwa ba a kashe shi, sai dai a ɓoye shi.

Ta yaya haske zai hana albasa tsiro?

Ɗauki albasa ka raba ta biyu daga wuya zuwa gindi. A ƙasa za ka ga ɗan faifai mai tauri inda saiwa ke fita. Bisa wannan faifan, can a tsakiya, akwai ɗan ido ƙarami wanda ganye ya naɗe. Daga nan tsiro ke tashi. Albasar da ka cire daga gona ba ta mutu ba, barci take yi, tana numfashi a hankali. In wa'adin barcin ya cika, ƙwayoyin halittar da ke cikin idon nan sai su fara rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har lawashi ya leƙo ta wuya. Abincin da yake ci kuwa shi ne jikin albasar kanta. Shi ya sa wadda ta yi tsiro in ka matsa za ka ji ta yi laushi kamar soso, ta kuma rage nauyi.

Abin da hasken ke yi shi ne ya lalata tsarin gadon da ke cikin waɗannan ƙwayoyin, yadda ba za su iya rabuwa ba. Ƙwayoyin da ke shirin rabuwa su ne suka fi rauni a gabansa, shi ya sa ma ake gasa ciwon daji da shi. Sauran jikin albasar, wanda ya riga ya gama girma, yana nan da ransa, ɗanye shar.

Nawa ake ba ta?

Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira gire, wanda aka sa wa sunan wani masani ɗan Ingila, Louis Harold Gray. Hana tsiro shi ne aiki mafi ƙanƙanta a wannan fanni: tsakanin gire 50 zuwa 150 ya isa. Kayan yaji da ake son kashe ƙwayoyin cutar cikinsu ana ba su har gire 10,000, kayan aikin tiyata kuma 25,000. Zafin da gire 100 ke ƙara wa albasa bai kai kashi uku cikin ɗari na digiri ɗaya ba. In ka taɓa buhun da ya fito daga ɗakin ba za ka ji ɗumi ba.

Hasken ba ya zama a cikinta ya zame wa mai ci guba?

Ba ya zama. Wanda aka ɗauka hoton ƙirji ba ya komawa gida yana haska iyalinsa. Albasar ba ta taɓa kobal ɗin, domin shi yana rufe cikin sandunan ƙarfe masu ruɓi biyu. Haskensa ne kawai ke wucewa, kuma ƙarfinsa bai kai ya mayar da abinci mai fitar da haske ba. Da an janye buhun, magana ta ƙare.

Mutane na haɗa wannan da abin da suka ji ya faru a Hiroshima ko Chernobyl. Can ƙurar nukiliya ce ta zuba a kan gonaki da ruwa, ta shiga cikin abinci ta zauna. Nan babu ƙurar da ke zuba.

An daɗe ana wannan aiki. Tarayyar Sobiyet ta amince da haska dankalin turawa a 1958, Kanada ta biyo baya a 1960, ta kuma ƙara da albasa a 1965. A 1980 wani kwamitin masana na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya yanke cewa abincin da aka haska har zuwa gire 10,000 ba shi da guba. Albasa ko kashi biyu cikin ɗari na wannan ba ta kaiwa. Yau sama da ƙasashe 60 sun halatta haska wani nau'in abinci.

Abin da ya hana albasa haihuwa ba zai hana mutum haihuwa ba?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke da ita a ciki, ba kowa ke furta ta ba. Kawuna ne ya fara yi mini ita ƙiri-ƙiri, muna zaune a inuwar rudunsa yana tsince ɓawo. Na gama dogon bayanina, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗana, abin da yak kashe ma albasa haihuwa, in munka ci ta, mu fa mi za shi yi muna?"

Akwai yarinya kusa da mu tana talla da gasasshiyar masara. Na ce, "Kawu, in kun ɗauki ƙwayar waccan masarar kuka shuka, za ta fito?" Ya ce ina fa. Na ce, "Dafaffen ƙwai fa, in aka sa wa kaza, za ta ƙyanƙyashe?" Ya yi dariya ya ce sai dai ta kwana a kai har shekara. Na ce, "To kun taɓa jin wanda masara gasasshiya ko dafaffen ƙwai suka hana haihuwa?" Bai ce na yi gaskiya ba, dattijo ba ya cewa haka, sai ya miƙo mini goro.

Abin da ya hana tsiron ba wani sinadari ba ne da aka zuba wanda zai bi ciki ya shiga jini. Rauni ne aka yi wa idon albasar, raunin kuma a jikinta ya tsaya. Ciki narkar da abinci yake yi, ko mai tsiro ne ko marar tsiro.

Ban raina wannan tsoro ba. Mun ga abin da jita-jita irin wannan ta yi wa allurar shan-inna a Arewa a 2003. Duk wanda zai kawo wannan aiki Sakkwato, in bai fara da malamai da sarakunan noma da shugabannin kasuwa ba, to ranar da wani ya tashi a tasha ya ce albasar wane an yi mata abin hana haihuwa, buhunansa a nan za su ruɓe, komai kyansu.

Ya halatta a addini?

Fatawa ta malamai ce. Abin da zan iya gaya wa malamin da aka kai wa tambayar shi ne ba a ƙara wa albasar komai, ba a cire mata komai, babu giya babu kitsen wata dabba a cikin aikin.

Yaushe ya kamata a yi?

Nan ne wuyar aikin take. Sai albasa tana cikin barcinta, wato a makonni huɗu zuwa shida na farko bayan cirewa, bayan wuyanta ya bushe. In idon ya riga ya farka ya fara miƙewa a ciki, ko da ba ka gan shi a waje ba, hasken ba zai mayar da shi ba; zai ɗan ci gaba, sannan ya mutu ya yi baƙi a tsakiya. Wanda ya buɗe rudu a watan Agusta ya ga kore ya fara leƙowa, sannan ya ce bari ya nemi inda ake haskawa, ya makara da wata uku ko huɗu.

Ma'ana, ga albasar rani da muke cirewa daga Fabrairu zuwa Afrilu, dole a gama komai kafin ruwan farko. Kuma lokacin ne kowa ke cirewa, mota ke wuya, kuɗi ke wuya, albasa kuma ba ta da daraja.

In an haska ta, ta daina ruɓa ke nan?

A'a. In ba ka riƙe komai ba a wannan shafi, riƙe wannan. Ɓarnar albasa a ajiya kashi uku ce: tsiro, ruɓa, da rama. Hasken ɗaya yake tarewa gaba ɗaya, wato tsiro, ya kuma rage ramar da tsiron ke jawowa. Gire 100 bai isa ya kashe funfuna ko ƙwayoyin cutar da ke narkar da albasa ba. Kafin ka ba da abin da zai kashe su, ka lalata albasar.

Akwai shekarar da ba na mantawa. Mun samu amfani mai kyau a fadama, manya-manya, muka yi ɗokin nauyi muka ci gaba da ban ruwa har ana saura kwana uku cirewa, bayan yuriyar da muka ƙara a ƙarshe. Wuyansu ya yi kauri kamar babban yatsa. Muka yanke lawashi ƙut da kai, muka shanya kwana biyu, muka zuba a rudu har sama. Da ruwan Agusta ya zauna, tun daga nesa hanci ya fara ba da labari. Na sa hannu ta ƙasan zana, sai na ji danshi mai yauƙi. Da muka buɗe, na sama lafiya lau, amma daga tsakiya zuwa ƙasa in ka ɗaga ɓawo baƙin gari ne kamar toka a tsakanin ɓawo da nama, wasu kuma ka matsa wuya ruwa mai wari ya tsirto. Ƙanana da mata suka kwana uku suna tsinta. Waɗanda suka yi tsiro a wannan tarin ba su cika kwando biyu ba. Da an haska albasar nan tun a Maris, da kuɗin ne kawai zai ƙaru a kan hasarar.

Baƙin garin nan funfuna ne da ke son zafi da laima tare, abin da damina ke kawo mana daidai. Ruɓar wuya kuma ta wuyan da bai bushe ba take shiga, da inda fartanya ta sara, da inda ɗan dako ya jefar da buhu. Har ma a ƙasashen da ke haskawa, sharaɗin farko shi ne a kawo albasa busasshiya, tsintacciya, marar rauni, domin abin da aka haska ba ya saurin warkar da ciwon jikinsa.

To me ya sa albasarmu ba ta tsiro a bazara, sai daga baya?

Zafin Sakkwato da muke kuka da shi, shi ke yi mana gadi. Albasa ta fi saurin tsiro a yanayi mai ɗan sanyi, tsakanin digiri 10 zuwa 20. In sanyi ya kai kusa da sifiri tana kwanciya, haka in zafi ya haura 30. A Afrilu da Mayu muna wuce 40, ga iska busasshiya, saboda haka tana barci, sai dai tana rama. Da damina ta sauka zafi ya ragu, laima ta tashi, sai saiwa ta fara fitowa a gindi, in saiwa ta fito kuwa tsiro na tafe. Wadda ta tsallake wannan ta kai sanyin Nuwamba da Disamba, nan tsiro ke cin kasuwarsa, daidai lokacin da farashi ya fi daɗi.

Wannan ya nuna wanda hasken zai fi yi wa amfani. Mai sayarwa a Yuni ko Yuli ba ruwansa da shi. Mai dogon buri, wanda ke son riƙe kaya wata bakwai ko takwas, da mai son sa albasa a ɗakin sanyi ya fito da ita daga baya, su ne masu bukata. Albasar da ta fito daga sanyi ta shiga ɗumin kasuwa takan yi tsiro cikin gaggawa in ba a haska ta ba.

Ɗanɗano da yaji da launi suna canzawa?

A wannan ɗan ma'aunin, mai girki ba za ta bambance ba. Tana sa hawaye kamar kullum, jarta tana nan. Abu ɗaya da ake gani shi ne in ta daɗe a ajiya, mataccen idon nan na tsakiya yakan yi ruwan ƙasa ko baƙi, ɗan ƙarami. Ba ya cutarwa, ana cire shi da bakin wuƙa, amma mai tsire ko mai shayin da ke yanka ta ɗanya a gaban mai saye zai lura, haka masu busar da ita su yi gari. Haskawa da wuri na rage shi.

Zan iya dasa wadda aka haska in samu iri?

Ko kusa. Ta gama haihuwa har abada. Mu da muke zaɓen kawuna masu kyau mu ajiye, mu dasa su da sanyi su yi fure mu kaɗe iri, dole mu ware su tun a gona, su da ɗakin haske ko hanya kada ta haɗa su. Wannan ma wani dalili ne da ya sa dole a riƙa sa alama a buhu. In babu alama, wani zai sayi kawuna a kasuwa ya dasa kadada guda, ya yi ta ban ruwa yana jiran abin da ba zai fito ba.

Akwai inda ake yi a Najeriya?

Akwai cibiyar hasken gamma a Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali ta Abuja, wadda aka ƙaddamar a 2006, tana ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, kuma da kobal-60 aka gina ta. Hukumar NNRA ce ke ba da lasisi da sa ido a kan duk wani abu mai fitar da irin wannan haske, NAFDAC kuma ke da dokar abincin da aka haska. Gana ma tana da tata cibiyar a Kwabenya, kusa da Akara.

Amma duba taswira. Daga Sakkwato zuwa Abuja ya haura kilomita 600. Ka loda a Goronyo, ka bi ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna, a sauke, a haska, a sake lodawa. In kudu za ka wuce da ita ka sayar nan take, me ya kai ka haskawa? In kuma gida za ka dawo da ita ka ajiye, ka biya mota sau biyu, 'yan dako sau huɗu, kowace jifa kuma ƙofa ce ta ruɓa. In kudun za ka ajiye ta, can laima ta fi tamu. Ni dai ban ga yadda lissafin zai fita ga manomi ɗaya ba.

Me zai hana a gina mana tamu a Sakkwato?

Babu abin da ya hana a ilimance. Abin da ake bukata ɗaki ne mai bangon kankare kusan mita biyu, da rijiya mai zurfin mita da yawa cike da ruwa a tsakiyarsa, inda sandunan kobal ke kwana. In za a yi aiki, kowa ya fita, a kulle, inji ya ɗago sandunan daga ruwa, bel ya riƙa zagayawa da kaya ta gefensu ya fito da su ta wata karkatacciyar hanya. Ana manna 'yan ma'aunai a jikin kayan don a tabbatar abin da suka sha.

Matsalar kuɗi ce da lokaci. Kobal daga waje ake sayo shi, ƙasashe kaɗan ne ke yin sa, irin su Kanada da Rasha da Indiya. Kuma yana ƙarewa ko ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba: duk shekara biyar da 'yan watanni rabin ƙarfinsa ya tafi, wato kusan kashi 12 cikin ɗari a shekara. Kamar doki ne da ke cin hatsi ko an hau shi ko yana turke. Albasa kuwa wata biyu zuwa uku take bukatarsa. Sauran wata tara fa?

Indiya ta riga mu gwadawa. A Lasalgaon ta jihar Maharashtra, inda babbar kasuwar albasarsu take, cibiyar binciken nukiliya ta Bhabha ta buɗe wurin haskawa a 2002 da albasa a ranta. Tun daga 2007 sunan wurin ya fi fitowa wajen mangwaron da ake kai wa Amurka, domin shi ne kayan da ke iya biyan kuɗin. Japan ma da ta yi shekaru tana haska dankali a Shihoro ta tsibirin Hokkaido tun shekarun 1970, ƙungiyar manoma ce ta riƙe wurin, ba mutum ɗaya ba. In za a yi a nan, sai an tanadi abin da zai ci a sauran shekara: wake da ƙwari ke ci, busasshen barkono, citta, kilishi, busasshen kifin Yawuri, kayan asibiti. Sai kuma rumbunan zamani masu shan iska a jikin wurin, don kada a haska kaya a mayar da su inda ruwa ke zuba.

Injin hoton asibiti ba zai yi ba? Ko wata 'yar na'ura ta gida?

Ba zai yi ba. Abin da albasa ke bukata ya ninka hoton ƙirji guda kusan sau miliyan. Fitila mai shuɗin haske da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita kuma ko ɓawo ba ta ratsawa. Duk wanda ya zo maka da akwati a bayan babur ya ce zai haska maka rudu, kuɗinka yake so.

Su ma'aikatan wurin fa, da maƙwabta?

Ga mai cin albasar babu haɗari, amma ga wanda ya shiga ɗakin alhali an ɗago sandunan daga ruwa, mutuwa ce. Gire huɗu zuwa biyar a jikin mutum gaba ɗaya na iya kashe shi, albasa kuwa ana ba ta ɗari. A 1989 a San Salbado, babban birnin ƙasar El Salbado, a wata masana'antar haska kayan asibiti, sandunan suka maƙale, ma'aikata suka shiga gyarawa da hannu domin na'urorin tsaron wurin sun lalace ba a gyara ba. Ɗaya daga cikinsu ya rasu. Wurin da ake kula da shi, ƙofarsa ba ta buɗuwa sai sanduna sun koma ruwa, kowane ma'aikaci kuma yana rataye da ma'auni a ƙirji. Maƙwabta bango ya tsare su. Abin da ke ba ni tsoro ba kobal ba ne, halinmu ne na barin abu ya lalace a ce a lallaɓa.

Yaya zan gane wadda aka haska a kasuwa?

Da ido ba za ka gane ba. Doka ce ta ce a rubuta, a kuma sa wata koriyar alama da ake kira Radura: da'ira mai tsinke-tsinke a rabinta na sama, da hoton ɗan tsiro mai ganye biyu a ciki. Albasar da ke zube a kasuwanninmu yau, daga fadama ta zo kai tsaye.

Ba akwai maganin feshi da ke wannan aikin ba?

Akwai wani da ake kira malik haidirazayid. A gona ake fesa shi, kimanin mako biyu kafin cirewa, lokacin da lawashi ya fara kwanciya amma yana da sauran kore, ya bi ganye ya sauka cikin idon. In an yi sauri albasa ta yi fanko, in an makara bai shiga ba. Shi ma ba ya hana ruɓa, shi ma yana kashe iri, kuma shi yana barin ɗan saura a jiki, abin da haske ba ya yi. Mai son gwadawa ya nemi malamin gona, ya duba lambar NAFDAC.

Abin da nake roƙo a bari shi ne yayyafa maganin ƙwari ko fiya-fiya a kan albasar ajiya. Ba ya hana tsiro, ba ya hana ruɓa, cikin mutane kawai yake tafiya. Abin mamaki, wanda ke wannan shi ne zai fi kowa ɗaga murya a kan haske.

Tafarnuwa da dankali da doya fa?

Duk aiki ɗaya ne, ma'aunin ma kusan ɗaya. Tafarnuwa ma ta fi albasa dacewa, domin ta fi ta tsada a kilo, ta fi ta jure hanya.

To ni da ke da buhu hamsin bana, me zan yi?

Abin da kakanninmu suka sani, a yi shi da kyau. A zaɓi iri mai jure ajiya. Ja mai yaji mai tauri, irin ta Galmi da 'yan'uwanta, ta fi fara mai ruwa daɗewa. A daina taki da wuri. A ɗauke ruwa mako biyu kafin cirewa, a jira rabin lawashi ko fiye ya kwanta da kansa. A bar wuya tsawon gaɓar yatsa biyu. A shanya a inuwa mai iska ko a rufe da lawashinta, domin ranar Maris tana dafa gefen da ta kalla, har sai wuya ya murɗe ɓawo yana ƙara in an taɓa. Mai sara, mai kauri a wuya, mai 'yan biyu, duk a kai su kasuwa yanzu. Rudu ya tashi daga ƙasa sosai, kada zubin ya yi zurfi, jinka kada ta yi yoyo, a riƙa leƙawa ana tsince wadda ta fara.

Sannan ga wani abu da nake so kowa ya gwada, ba ya cin ko sisi. Ranar da za ka kwashe, kada ka haɗa ɓarnar wuri ɗaya ka zubar. Yi tsibi biyu: mai tsiro wadda jikinta lafiya, da ruɓaɓɓiya. Auna kowanne da kwando, ka haɗa da mai kyau, abin da ya rage daga abin da ka zuba shi ne rama. Rubuta a bangon zaure ko a waya, da watan da ka zuba da watan da ka kwashe. Tsibin farko kaɗai ne haske zai iya ceto maka. In na biyu ya fi girma, gyaranka na gona ne da rudu. In na farko ya fi, kuma maƙwabtanka ashirin ko talatin suka samu haka, to kuna da takardar da za ku ɗauka ku kai wa ƙungiyar masu albasa da ma'aikatar gona. Kawuna ya yi nasa bara da gawayi a jikin ƙofar garka: ya zuba a Afrilu ya kwashe a Oktoba, mai tsiro kwando huɗu, ruɓaɓɓiya tara.